ARAHA BA TA ADO: TARIHIN YAƘIN FAIFAI JA DA FAIFAI SHUƊI

Da safiyar ranar Juma'a, 2 ga watan Nuwamba na shekarar 2007, mutane suka yi sammako zuwa kantunan Walmart a sassa daban-daban na ƙasar Amurka. Saura mako uku kafin babbar ranar rangwame da suka saba yi a ƙarshen watan, amma labari ya riga ya zaga cewa kantin zai sayar da wata na'urar kallon fim ta kamfanin Toshiba, mai suna HD-A2, a kan dala 98.87. Na'urar nan kuwa, shekara guda kafin wannan rana, dala 499 aka sa mata. Kantin Best Buy ma bai yarda a bar shi a baya ba, ya sauke nasa farashin zuwa kusan haka. Rahotannin wancan lokaci sun ce an kwashe kimanin na'urori 90,000 cikin ƴan kwanakin nan.

Sai dai duk wanda ya ɗauki kwalin ya nufi wurin biya, akwai tambaya ɗaya da ke ci masa rai: shin wannan garaɓasa ce, ko kuwa cinikin biri a sama? Domin na'urar ta faɗo ne a tsakiyar wani yaƙin kasuwa tsakanin manyan kamfanonin duniya, kuma babu wanda ya san gwanin da zai yi kaye. Wannan yaƙi, da halin da ya jefa mai saye a ciki, shi ne abin da za mu waiwaya a yau.

MAFARIN RIGIMA

Ya kai mai karatu, kafin a fahimci wannan rikici sai an koma baya kaɗan. A shekarar 1975 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin bidiyo mai suna Betamax. Shekara guda bayan haka kamfanin JVC ya fito da nasa, wato VHS. Kaset ɗin wannan ba ya shiga bidiyon wancan. Betamax na farko awa ɗaya yake ɗauka, VHS kuwa awa biyu, ga shi kuma JVC ya buɗe ƙofa ga sauran kamfanoni su ƙera irin nasa. Sannu a hankali masu shagunan hayar fim suka karkata ga VHS, har a 1988 Sony da kansa ya sauko ya fara ƙera bidiyon abokin hamayyarsa. Miliyoyin mutanen da suka sayi Betamax suka wayi gari da na'urar da sababbin finafinai suka daina zuwa mata.

Wannan darasi bai ɓace ba. A 1995, lokacin da ake shirin haihuwar faifan DVD, an kusa maimaita irin wannan. Sony da Philips suna da tsarinsu, Toshiba da Time Warner suna da nasu. Sai kamfanonin kwamfuta, da IBM a gaba, suka taka musu birki, suka ce ba za su goyi bayan kowa ba sai an haɗu a kan abu guda. Aka sasanta, aka fito da DVD, wanda mafi yawan ƙirarsa ta bi ta Toshiba. Kasuwa ta buɗe, kowa ya samu, amma kuɗin haƙƙin ƙira da ake biya a kan kowace na'ura da kowane faifai ya nuna wa kamfanonin nan abu ɗaya: wanda tsarinsa ya zama na kowa, shi ne zai yi shekaru yana kwasar riba yana zaune.

Da sabon ƙarni ya kama, sai akwatunan talabijin masu hoto garau suka fara shiga gidaje. Hoton DVD a Amurka layi 480 ne, sabuwar talabijin kuwa tana iya nuna layi 1,080. Fim mai irin wannan tsabta ba zai shiga faifan DVD ba, wanda hawansa ɗaya ke ɗaukar gigabait 4.7 kacal. Maganin ya fito ne daga launin haske. Na'urar DVD tana karanta faifai da jan hasken lesa mai tsawon zango nanomita 650. Aikin da Shuji Nakamura ya yi a kamfanin Nichia ya samar da lesa mai launin shuɗi, wadda zangonta bai wuce nanomita 405 ba. Gwargwadon gajartar zangon haske, gwargwadon sirantar tsininsa, kamar bambancin rubutu da alƙalami mai kaifi da mai dakusasshen baki: allo ɗaya ne, amma rubutun da zai ɗauka ya ninka.

A ranar 19 ga Fabrairu, 2002, kamfanoni tara, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Samsung da LG, suka sanar da faifan da suka raɗa wa suna Blu-ray. Cikin wannan shekara Toshiba da NEC suka fito da nasu, wanda daga baya, a 2003, ya karɓi sunan HD DVD. Dukansu da shuɗin haske suke aiki, girmansu ɗaya a ido, amma cikinsu ya sha bamban. Blu-ray ya kawo rubutun kusa da fuskar faifan, tazarar milimita 0.1, don haka hawa ɗaya yake ɗaukar gigabait 25, hawa biyu 50. HD DVD ya bar rubutun a zurfin milimita 0.6 kamar na tsohon DVD, sai ya tsaya a gigabait 15 a hawa ɗaya, 30 a hawa biyu. Na farko ya fi ɗaukar kaya, amma sai an kafa masa sababbin injina a masana'anta. Na biyu ya fi sauƙin bugawa, domin ɗan gyara kaɗan za a yi wa injinan DVD da ake da su.

An zauna teburin sulhu a 2005, aka tashi baram-baram. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, amma a wannan karo kowane ɓangare ya ga cewa rawanin da kansa ya dace. Microsoft da Intel suka bi bayan Toshiba. Kamfanonin fim na Hollywood suka rabu: Sony Pictures da Disney da Fox suka tsaya ga Blu-ray, Universal ya tsaya ga HD DVD, Warner da Paramount suka ce za su buga a duka biyun. A kan kantar shago kuwa, alamar da mai saye ke gani ita ce launin gidan faifan: na HD DVD ja, na Blu-ray shuɗi.

SHEKARA BIYU ANA FAFATAWA

Toshiba ne ya riga shiga fage. A watan Afrilu na 2006 na'urarsa ta farko ta isa Amurka a kan dala 499. Ta Blu-ray ta farko, ƙirar Samsung, sai a watan Yuni ta fito, kuma kuɗinta ya kusa dala 1,000. Da a ce farashi kaɗai ke yanke hukunci, da tun a nan an gama.

Amma Sony yana da wani makami a ɓoye. A watan Nuwamba na 2006 ya fito da na'urar wasan yara da manya mai suna PlayStation 3, ya kuma dasa mata makarancin Blu-ray a ciki. Da asara ya riƙa sayar da ita, duk da cewa kuɗinta dala 499 ne zuwa 599. Duk matashin da ya saye ta don wasa, ya kai Blu-ray gida ko ya sani ko bai sani ba. Microsoft ma ya yi wa tasa na'urar wasan, Xbox 360, makarancin HD DVD, amma daban ake sayensa a kan dala 199, kuma kaɗan ne suka damu da shi. Zuwa ƙarshen 2007 an sayar da PlayStation 3 sama da miliyan 10 a duniya, alhali dukan na'urorin HD DVD, a tsawon rayuwarsu, kimanin miliyan ɗaya aka sayar.

Shekarar 2007 ta zama ta ja-in-ja. A watan Yuni kamfanin hayar fim na Blockbuster ya ce a shagunansa da yawa Blu-ray kaɗai zai ajiye. A watan Agusta kuwa sai ga Paramount da DreamWorks Animation sun juya sun koma HD DVD ɗungurungum, jaridu kuma suka ruwaito cewa an yi musu tayin abin da ya kai dala miliyan 150. Kamfanin LG ya gwada raba gardama da na'urar da ke karanta faifan biyu, amma kuɗinta ya haura dala 1,000. A kasuwar faifai dai Blu-ray ne ke gaba a Amurka, da kusan ninki biyu. Mafi yawan jama'a kuwa suka naɗe hannu suka ci gaba da sayen tsohon DVD, suna jiran ƙura ta lafa.

A cikin wannan yanayi ne aka yi rangwamen nan na 2 ga Nuwamba. Abin sha'awa, a wannan rana ce Sony ya fito da PlayStation 3 mai rahusa a Amurka, a kan dala 399. Ke nan hanya mafi sauƙi ta shiga ɓangaren shuɗi ta ninka ta ɓangaren ja har sau huɗu.

LISSAFIN MAI SAYE

A nan ne labarin ya fi daɗin nazari, domin waɗanda suka sayi na'urar nan ba wawaye ba ne. Suna da hujjoji, kuma hujjojin suna da nauyi.

Hujja ta farko ita ce ƙanƙantar kasadar. Na'urar tana karanta tsohon DVD, har ma tana ƙara masa kyau a sabuwar talabijin. Mai saye sai ya ce a ransa: ko da jan faifai ya mutu gobe, ai ina da kan DVD mai kyau, wanda dama kuɗinsa bai yi nisa da haka ba. Ga kuma alkawarin Toshiba na aiko da finafinai biyar kyauta ta gidan waya. A wancan lokaci faifai ɗaya yakan kai dala 30, don haka kyautar kaɗai ta fi kuɗin na'urar.

Hujja ta biyu ita ce inganci. Wanda ya kalli fim ɗaya a tsarin biyu, da wuya idonsa ya raba su. Bugu da ƙari, HD DVD ya zo a kammale tun ranar farko: kowace na'ura tana da kafar haɗawa da intanet, tana iya nuna ƙaramin hoto a cikin babba, kuma ba a raba faifansa shiyya-shiyya ba, wanda aka saya a Japan zai yi aiki a Faransa. Blu-ray kuwa a hankali aka riƙa cika shi, har waɗanda suka sayi na'urorinsa na farko da tsada suka tarar ba sa iya buɗe wasu abubuwan da ke cikin sababbin faifai.

Hujja ta uku ita ce ta yawa. Idan dubban ɗaruruwan gidaje suka cika da wannan na'ura, ai dole kamfanonin fim su bi inda masu saye suke. Wannan shi ne ainihin lissafin Toshiba, kuma duk wanda ya saya ya zama kamar ya jefa ƙuri'a.

Masu ja da baya su ma suna da tasu. Suka ce dala 99 kuɗin shiga ne kawai, asarar tana cikin faifan da za a tara. Wanda ya sayi fim ashirin ya zuba dala 600, kuma ranar da na'urarsa ta lalace, idan an daina ƙera irinta, ya tashi da tarin faya-fayan da babu abin karanta su. Suka ce kuma rabin finafinan duniya ba za su taɓa shiga wannan na'ura ba. Mai jan faifai zai kalli Transformers da Shrek the Third, amma ba zai ga Spider-Man 3 ko Pirates of the Caribbean ba, sai dai a tsohon DVD. Sannan akwai tambayar da ƴan kasuwa suka fi kowa sanin amsarta: me ya sa mai kaya zai karya farashi haka? Wani lokaci ƙarfi ne ke sa a yi rangwame, don a kori abokin hamayya. Wani lokaci kuwa tsoro ne. Daga bakin kanta, mai saye ba shi da hanyar bambance su. Gaskiya ne HD-A2 tsohon samfuri ce da ake son kwashewa don ba wa sabuwa wuri, amma irin wannan saukar ta wuce ta share rumbu.

Abin da dukan ɓangarorin biyu ba su iya gani ba shi ne cewa hukuncin ba a hannunsu yake ba. Ana can ana yanke shi a ofisoshin da ba su da kujera a ciki.

KWANA 109

Warner shi ne babban mai sayar da finafinan kallon gida a Amurka, kuma shi kaɗai ya rage cikin manya yana bugawa a tsarin biyu. Kowane ɓangare ya san cewa inda ya karkata, nan rinjaye zai koma. Ranar Juma'a, 4 ga Janairu, 2008, mako tara cif bayan rangwamen Walmart, Warner ya sanar da cewa daga ƙarshen watan Mayu Blu-ray kaɗai zai riƙa bugawa. Dalilin da shugabanninsa suka bayar shi ne cewa ruɗanin ya hana mutane saye, kuma idan aka ci gaba a haka, damar za ta wuce kowa. Sanarwar ta zo ana saura kwana biyu ɓangaren HD DVD ya yi babban taron manema labarai a bajekolin kayan lantarki na birnin Las Vegas. Sai aka soke taron.

Toshiba bai miƙa wuya nan take ba. A tsakiyar watan Janairu ya raba farashin sabuwar na'urarsa biyu, ta koma dala 149.99. Ranar 3 ga Fabrairu ya sayi talla ta daƙiƙa 30 a lokacin wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, inda talla ta fi tsada a ƙasar. Wasu suka sake saye, suna ganin araha ta ƙara araha. Amma bango ya riga ya tsage. Ranar 11 ga Fabrairu kamfanin Netflix, wanda a lokacin hayar faifai ta gidan waya ce babbar sana'arsa, ya ce ya daina sayen HD DVD. A ranar ce Best Buy ya ce zai riƙa ba abokan cinikinsa shawarar su ɗauki Blu-ray. Ranar 15 ga wata sai Walmart, wanda ya cika gidaje da na'urar watanni uku da suka wuce, ya ce zai kwashe ta daga kantunansa.

Ranar Talata, 19 ga Fabrairu, 2008, shugaban Toshiba, Atsutoshi Nishida, ya tsaya gaban manema labarai a Tokyo ya sanar da cewa sun daina. Shekara shida ke nan daidai da ranar da aka sanar da Blu-ray, kwana 109 kuma daga safiyar da aka yi rububin na'urar dala 98.87. Universal da Paramount suka sauya sheƙa cikin kwanaki. An ƙiyasta asarar Toshiba a wannan harka da kusan dala biliyan ɗaya, kuma kafin ƙarshen 2009 shi ma ya fara sayar da na'urar Blu-ray, kamar yadda Sony ya yi da VHS shekara ashirin da ɗaya kafin nan.

Masu saye fa? An ɗan share musu hawaye. Best Buy ya raba wa waɗanda suka saya a wurinsa katin sayayya na dala 50. A 2009 Warner ya buɗe hanyar musanya, mutum ya aika da takardar bangon jan faifansa da ƴan daloli, a aiko masa da shuɗin. Idan aka yi adalci, wanda ya tsaya a dala 99 da finafinan kyauta bai yi wata asarar kirki ba, har ma wasu sun more, domin bayan faɗuwar an yi ta zubar da jajayen faifai a farashin banza. Wanda ya ji jiki shi ne wanda ya yi imani tun farko, ya biya dala 499 a 2006, ya cika kabad da faifai, ya kuma ja ƴan'uwa da abokai suka bi shi.

KURA DA SHAN BUGU

Sony ya yi nasara, amma ganimar ba ta kai yadda aka zata ba. A watan Janairu na 2007, ana tsakiyar fafatawa, Netflix ya fara tura fim kai tsaye ta intanet, kuma ƴan kaɗan ne suka ɗauki abin da muhimmanci. Shekara biyun da aka ɓata ana jayayya kan launin gidan faifai, su ne shekarun da jama'a suka fara koyon kallo ba tare da faifai ba sam. Blu-ray bai taɓa kai matsayin da DVD ya kai ba. A 2019 Samsung, wanda ya ƙera na'urarsa ta farko a Amurka, ya daina fito da sababbi a can. A 2023 Netflix ya rufe hayar faifai, a farkon 2024 kuma Best Buy ya daina sayar da faifan fim gaba ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu a wannan yanki namu, yaƙin nan daga nesa muka ji shi. Finafinan Hausa da suka taso daga Kano a kaset ɗin VHS, tun daga Turmin Danya a 1990, a faifan VCD da DVD suka ratsa Maraɗi da Damagaram da Yamai, suka kai zangunan Gana da garuruwan arewacin Kamaru. Sabuwar talabijin ta yi tsada, wuta ba ta tsayawa, ga kuma ƙananan na'urorin Sin masu araha da ke karanta duk abin da aka sa musu. Daga nan sai muka tsallake ja da shuɗi gaba ɗaya, muka faɗa turin fim a waya da kallo a YouTube. Amma ciwon kansa ba baƙo ba ne a wurinmu. Dattawa za su tuna cewa talabijin ta Nijar tsarin SECAM na Faransa ta bi, ta Najeriya kuwa tsarin PAL, har akan haɗa bidiyon wannan gefe da akwatin wancan gefe hoto ya fito fari da baƙi. Yau ma muna sayen waya da fanel ɗin sola da babur, kuma tambayar ba ta sauya ba: bayan shekara uku, wa zai sayar mini da kayan gyaransa?

Na'ura ba ta rayuwa ita kaɗai. Darajarta tana rataye ne da abin da za a ci gaba da kawo mata, da yawan masu irinta, da alkawarin mutanen da mai saye bai taɓa gani ba. Farashin da ke jikin kwali yana faɗa maka abin da za ka biya yau ne kawai. Magabata da suka ce araha ba ta ado ba su hana sayen mai sauƙi ba, sun dai ja kunne ne a tambayi dalilin sauƙin kafin a kwance bakin aljihu. Idan kuwa kasadar ƙarama ce, kuma mutum ya shiga da idonsa a buɗe kamar yadda da yawa suka yi a wancan Juma'a, to ko an faɗi ba a ji ciwo ba.

Allah Ya sa mu dace a cinikinmu, Ya kuma tsare mu da sayen da-na-sani.